Ranar da Na Ƙwace Muryar Jauro Duhu

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, ranar da na janye makirfo daga gaban Malam Istifanus na ce masa daga yau ni zan yi muryar Jauro Duhu. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun tarar da mu muna zaune lafiya, shi ya sa nake so ku ji yadda na kusa rushe shagon nan da hannuna.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ni dillalin fina-finai ne a Jimeta. Da faifai na fara a kan tebur ɗaya, da kasuwar faifai ta mutu na koma tura fim a waya. Daga baya na lura katun, wato fim ɗin zane, yana da masu so, amma Turancin yana hana su jin daɗi. Sai na killace bayan shago da tsofaffin katifu, na sayi kwamfuta da makirfo biyu, muka fara ɗora murya da Hausa. Tsarin shi ne mutum ɗaya ya kalli kashin fim ɗin na wannan mako ya rubuta fassara a littafi, a raba wa kowa wanda zai yi wa murya, a ɗauka ranar Laraba, a haɗa da hoto ranar Alhamis. Juma'a da safe masu tura fim na kasuwa da na tasha su zo su karɓa. A farkon kowane kashi sunan shago kawai ake faɗa, ba a faɗin sunan mai murya. Ni na kafa wannan doka.

Malam Istifanus ne mai rubuta fassarar. Malamin firamare ne daga wajen Michika, ya shigo Yola a 2014, lokacin da mutanen can suka gudo suka cika gari. Cajin waya ya kawo shi shagona, ya tsaya yana bayyana wa matarsa fim ɗin da ke kan allo. Na saurare shi minti biyar, na ce ya dawo gobe.

Bayan kamar shekara biyu muka samu wani katun mai kashi ashirin da shida. Labarin wani birni ne na zamanin da bai zo ba tukuna, an ɗaga shi sama yana shawagi a cikin gajimare, motoci na tashi kamar tsuntsaye. Jarumai ne ke tsaron birnin, mu muka raɗa musu sunaye. Shugabansu Kaftin Walƙiya, mai sulken zinariya. Akwai Inna Guguwa mai juya iska, da wasu tagwaye da ke haɗewa su zama ƙato ɗaya, da karen ƙarfe da muka kira Gwangwani. Mugun kuwa daga ƙasa yake fitowa, fuskarsa rufe da baƙar hular ƙarfe, burinsa ya sauko da birnin. Shi ne Jauro Duhu.

Na ɗauki Kaftin ba tare da shawara da kowa ba, tunda shagon nawa ne. Mugun babu mai so, Malam Istifanus ya ce a ba shi.

Na ɗauka zai yi ta ihu kamar yadda ake yi wa mugu. Bai yi ba. A hankali yake magana, kamar malamin da ke kiran sunaye a aji. Duk lokacin da jarumai suka taso masa sai ya ce, "Ku zauna, ban gama ba." Kafin kashi na goma na ga wannan maganar a bayan keke Napep har uku tsakanin Jimeta da Yola. Ni ma ina da tawa, "Haske ya iso," na yi ta faɗa da dukkan ƙarfina. Ban taɓa ganin ta a jikin ko amalanke ba.

Ciniki ya buɗe fiye da yadda na taɓa gani, kuma a aljihuna yake shiga. Mai hankali zai gode wa Allah ya yi shiru. Ni kuwa abin yana cina. Goggo Dija mai abinci a gefenmu ta leƙo wata rana ta ce, "Hamma Sale, wai wanne ne Jauron a cikinku?" Na nuna shi da haɓa. Tun daga ranar kwanonsa ya fi nawa nama. A wani biki a Limawa mai gabatarwa ya sanar da zuwana da cewa ga ubangidan Jauro Duhu ya iso, aka yi tafi, na yi murmushin dole. Wanda ya fi ƙona ni a gidana ya faru. Na tarar da 'ya'yana mata biyu suna rigima a kan wadda za ta zama Jauro a wasa. Babbar ta yi nasara, ta ce wa ƙaramar, "To ke ki yi Kaftin." Ƙaramar ta fashe da kuka.

Ban iya korar sa ba, don shi kaɗai ne mai fassara. Sai na zauna ina jiran dama, ta kuwa zo a kashi na ashirin da ɗaya. A wannan kashin Kaftin ya fasa hular Jauro, fuskarsa ta bayyana a karon farko: tsoho ne, gefen fuskarsa a ƙone.

Na ce, "Malam, tunda hular ta fashe, dole murya ta canza. Mutum a cikin ƙarfe daban, a waje daban."

Ya ce, "Haka ne, Oga. Zan sassauta ta."

"Ba sassautawa ba. Sabuwar murya ake so. Ni zan yi."

Ya ce, "Ni kuma fa?"

"Ka riƙe Gwangwani."

Gwangwani ba ya magana, haushi yake yi da ƙugi. Kowa a ɗakin ya san me nake nufi. Malam Istifanus bai yi gardama ba. Ya miƙo mini littafin ya ce, "Shafi huɗu ne maganar tasa. Don Allah ka karanta su yadda suke."

Na duba. Jauro yana ba da labarin garinsu da ya ƙone ranar da aka ɗaga birnin sama. "Mun fito da tukunya a kan wuta. Na kulle ƙofa na sa makulli a aljihu, na ce wa iyalina kwana uku za mu dawo." Haka har shafi huɗu. Na ce a raina idan wannan ya fita, Kaftin ya gama yawo. Na ajiye littafin, na cika wurin da barazana da dariyar mugunta irin wadda na saba ji a fina-finai.

Juma'a kashin ya fita. Asabar da hantsi Bappa Umaru, babba a cikin masu tura fim na tasha, ya shigo shago.

"Hamma Sale, Jauro mura yake yi ne?"

Na ce salo ne.

"Wane salo? Tsoho na hawaye a hoto, murya na ƙyalƙyala dariya. Mutane suna dawo mini da waya wai na tura musu jabu."

Na ce za su saba. Ba su saba ba. Juma'ar gaba rabin masu zuwa karɓa ba su zo ba. Abin haushi, Malam Istifanus ya yi wa karen nan aiki tsakani da Allah. Akwai inda Gwangwani ya tsaya kusa da tsohon ya yi wani ƙugi siriri. Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, a cikinsu duka Gwangwani ne kaɗai mai tausayi." Ko kare na ba shi sai ya fi ni.

Bayan mako biyu ya ajiye littafin a kan tebur, ya yi mana sallama, bai sake zuwa ba. Saura kashi uku, babu mai fassara. Na kuma ji cewa wani abokin sana'a yana zarya gidansa. Idan ya tafi can, shagon nan ya koma cajin waya.

Na hau babur na tafi unguwar Bako inda yake haya. Matarsa, Maman Ladi, ta ce yana gona. Ta ba ni ruwa, ta tsaya tana kallona har na sha.

Ta ce, "Oga, ka karanta shafi huɗun da ya rubuta wa Jauro kuwa?"

Na ce na duba.

Ta nuna mini wani makulli da ke rataye a ƙusa, an ɗaure shi da jan zare. "Na gidanmu ne. Gidan ko ƙofa babu yanzu, amma bai yarda a yar ba. Tun makon farko ya kalli katun ɗin nan har ƙarshe. Don shafi huɗun nan ya karɓi mugun. Wata biyar yana jiran su."

Ni da nake sayar da katun ɗin ban taɓa kallon kashin gaba ba sai ranar ɗauka.

Na same shi yana ciyawa a cikin kuɓewa. Ya ɗago ya ce, "Oga, ɓatan hanya ka yi?"

Na ce masa na yi kuskure, ina roƙonsa ya dawo. Na ce zan soke dokar, a riƙa faɗin sunansa a farkon kowane kashi.

"Suna bai dame ni ba. A sake ɗaukar na ashirin da ɗaya."

"Ai mutane sun riga sun gani."

"Sun gani, ba su ji ba."

Na yarda. Amma halin mutum ba ya barinsa a rana ɗaya, sai na ji bakina yana tambaya, "To Kaftin fa, me yake cewa a wurin?"

Ya jingina da fartanya. "Ba ya cewa komai, Oga. Tsayawa yake yi yana saurare."

Larabar da ta biyo baya muka sake ɗauka. Na zauna gaban makirfona minti huɗu ban ce uffan ba. Sau ɗaya ya karanta, muryarsa ta ɗan karye a wurin makullin, na ce a bar shi haka. Na raba wa masu tura fim kyauta, na ce duk wanda ya karɓi na farko a sauya masa. Bappa Umaru ya dawo da mutanensa, ya ce wata mata 'yar Madagali, cikin waɗanda suka gudo, ta sa ya maimaita mata wurin sau uku a tsaye a tasha.

Abin da na koya ke nan. Dillali ba shi ne hajar ba. Aikinsa ya san abin da ke hannunsa tun daga farko har ƙarshe, ya san wanda ya iya, ya matsa ya ba shi wuri. Mutanen garin nan kuma ba sulken zinariya suke bi ba, da yawansu sun taɓa kulle ƙofa da niyyar kwana uku, suna gane muryar da ta san haka. Tun daga lokacin muke faɗin sunan kowane mai murya, nasa kafin nawa.

Ba zan ce muku kishin ya tafi ba. Har yau idan aka kira ni ubangidan Jauro murmushin dole nake yi. Amma duk ranar da na fara ɗaga murya a wurin ɗauka, Malam Istifanus yakan dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ku zauna, ban gama ba." Ni kuwa sai in zauna.