Sherifa, Mai Nemo Mana Jini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah ya karɓi ran Sherifa Garuba ta Maamobi, bayan haɗarin mota a kusa da shataletalen Circle.

Sherifa, Nashiru ne, sakataren ƙungiyarmu ta masu ba da jini kyauta a Nima. Kin same mu da dubban sunaye a rumbun bayanai, da wata tsohuwar tambayar SQL da muka gada, wato umarnin da ke zaƙulo mana sunaye a kwamfuta. In asibiti ya kira, sai in zuba mata ido tana jan ƙafa, mai haihuwa tana can tana zubar da jini. Kika duba kika ce ai layi-layi take bi, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kika yi wa rukunin jini da unguwa fihirisa, amsa ta koma fitowa kafin in ɗauke yatsa.

Saurin bai ishe ki ba. Tambayar bisa haruffa take jero mutane, shi ya sa Abdulhafiz tela na Alajo kullum yana sama, kullum shi ake kira, har ya fara ramewa. Kika ce mini, "Chale, abokina, Yaya Nashiru, Abdulhafiz mutum ne, ba famfo ba." Kika sake tsara ta: wanda ya fi daɗewa bai bayar ba shi zai fara fitowa, wanda ya bayar kwanan nan a bar shi ya huta.

Ranar Talatar nan aka kira ni daga asibiti, aka ce ke ce kike buƙatar jini. Na sa rukunin jininki da unguwarki. Sunanki ne ya fara fitowa, Sherifa, don ciki da goyo sun daɗe da hana ki bayarwa. Na tsallake shi ina kuka, na kira na ƙasa. Duk sun zo, sun iske kin cika. Ba wanda ya juya; suka miƙa hannu aka ɗiba domin wasu marasa lafiya.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk ran da aka ceta ta hannunki ya zama shaida gare ki. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki Hajiya Madina da mijinki Muftahu. Allah ya raya Samiratu, wadda ba ki kai ga yaye ta ba.