Rantsuwar da Fasto Etukudo Ya Ƙi Yi

Yayana Etukudo Umoren kafinta ne kafin ya zama fasto. Ni kuwa, Ekong, hawan tukurwa ne sana'ata, bammi nake tarawa ina sayarwa a kasuwar Ikot Nsung. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma shi bai taɓa ɗanɗana kayana ba, ni ma sai an yi mutuwa ko aure nake leƙa cocinsa.

Matarsa ta fari wajen haihuwa ta rasu, a gidan wani mai addu'a da ya hana a kai ta asibiti. Jaririn ya rayu, aka sa masa Aniefiok. Daga baya Yaya ya auri Mmayen, ita ta goya yaron har ya girma, ita kuwa Allah bai ba ta nata ba. Shekara da shekaru bai sake taka wani gidan addu'a ba, sai Littafi Mai Tsarki da yake karantawa shi kaɗai a rumfar aikinsa.

A shekarar 1959 'yan mishan na ɗariƙar Menonait suka iso ƙasarmu. Ya je ya saurare su sau uku, ya dawo ya same ni ina wasa wuƙa.

"Ekong, na sami mutanena. Ba sa yi wa jariri baftisma sai ya girma ya nema da bakinsa. Ba sa ɗaukar makami. Ba sa rantsuwa, i ɗinsu i ce, a'a ɗinsu a'a."

Na ce, "Ba rantsuwa? To Yaya, a wane gari za ka zauna? Nan ko akuya ce ta ɓata sai an fito da mbiam."

Mbiam shi ne ruwan rantsuwarmu. Wanda ya sha a kan ƙarya, cikinsa zai kumbura ya mutu kafin shekara.

Ya ce, "Ai ba ni da akuya."

Yadda yake kafa coci abin dariya ne a wurinmu. Zai ɗaure akwatin kayan aiki a bayan keke, ya shiga ƙauyen da bai san kowa ba, ya gyara ƙofar wata gwauruwa, ya ɗaure ƙafar kujerar wani tsoho. Daga nan ya roƙi inuwar bishiya, ya ƙera benci biyu ya ajiye. Ina ce masa, "Ka yi benci ba ka da mai zama, kadangaru za ka yi wa wa'azi?" Sai ya ce kadangare ma yana gyaɗa kai, ya fi ni. Cikin shekara takwas ya tsayar da coci huɗu, ɗaya a garinmu, uku a ƙauyukan bakin rafi. Rufin ganye ne duka, amma suna cika.

Sai yaƙin basasa ya zo. Garinmu yana bakin hanya, yau waɗannan sojoji ne, bayan wata biyu waɗancan. Gishiri ya ɓace. Yara suka fara kumburin ƙafa, gashinsu ya yi ja. Yaya ya cire bencin cocinsa ɗaya bayan ɗaya yana ƙera ƙananan akwatunan gawa, har mutane suka koma ibada a tsaye.

Da aka fara kamen samari ana kai su bakin daga, sai gari ya ɓoye nasa a wata bukka cikin fadamar tukurwa, inda baƙo ba zai taɓa ganewa ba. Su bakwai ne, har da Aniefiok, yana da shekara goma sha tara. Wata safiya sojoji suka shigo, ba su tambayi kowa ba, suka miƙe kai tsaye zuwa fadamar. Da idona na ga an fito da su ɗaure da igiya ɗaya. Aniefiok ya waigo yana neman ubansa cikin mutane. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya dawo.

Kowa ya san hannu ne na cikin gida. Bayan kwana huɗu dagaci ya tara gari a dandali da tsakar rana, aka ajiye tulun mbiam. Kowane magidanci zai sha, ya ce ba shi ya nuna ba. Na sha. Usoro ya sha, wani dattijon cocin Yaya, mutumin da shi ya fara zama a kan bencinsa na farko. Ya goge baki ya koma cikin mutane. Da layi ya zo kan Yaya, sai ya tsaya ya harɗe hannu a baya.

Dagaci ya ce, "Fasto, sha mu wuce. Mun san ɗanka yana ciki."

"Ete," haka muke kiran babba, "ba ni na nuna ba. Na faɗa, ya isa."

"To ka san wanda ya nuna?"

Yaya ya yi shiru. Shirun nan shi ya kashe shi. Da ya ce bai sani ba, da an bar shi da taurin kansa. Amma ba ya ƙarya, kuma ba zai faɗa ba.

Wata uwa da aka tafi da 'ya'yanta biyu ta ɗebi ƙasa ta watsa masa a fuska. "Ka sayar da naka don ka tsira da cocinka! Allah ya isa!"

Na ja shi gefe. "Yaya, ruwa ne fa. Kai da ka ce ba shi da iko, kurɓa ɗaya zai rage ka da me? Ko ka faɗi sunan, yau ɗin nan mu gama da shi."

Ya ce, "Dalilin ke nan, Ekong. Za ku gama da shi."

Kafin la'asar sun ƙone cocin garin. Labari ya bi rafi, sauran ukun ma suka watse. Ba mai kawo masa aiki, ba mai sayar wa Mmayen rogo a kasuwa. Ni nake kai musu garin rogo a ɓoye cikin gorar bammi. Ina nan ranar da Mmayen ta durƙusa a gabansa.

"Baban Aniefiok, ban haife shi ba, amma bayana ya san nauyinsa. Ni kaɗai ka faɗa wa. Wa ya ba da ɗana?"

Ya ce, "Ki yafe mini."

Ta tashi ta karkaɗe zanenta. Ba ta bar gidan ba, tana dafa masa abinci, amma ba ta sake kiran sunansa ba har ta rasu, wata biyar kafin yaƙi ya ƙare.

Da zaman lafiya ya dawo, ya sake rufa cocin garin shi kaɗai. Mutum tara suka dawo, yawanci tsofaffin mata, sai Usoro. Al'adarsu ce ranar Jibin Ubangiji, wato cin gurasar tunawa da Yesu, su wanke wa juna ƙafa, maza da maza, mata da mata. Maza kuwa biyu ne rak. Shekara goma sha huɗu Yaya yana durƙusawa da kwano yana wanke ƙafar Usoro, Usoro yana wanke tasa. A waje kuwa yara suna jifan kekensa suna kiransa Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu.

A 1984 Usoro ya kwanta ciwo, cikinsa ya kumbura. Likita ya ce hanta ce. Shi ya ce mbiam ne ya yi jinkiri. Ya sa aka ɗauke shi a kujera zuwa dandali ranar kasuwa, ya faɗa da bakinsa. Sojoji sun tare shi a gona da 'yarsa Ikwo, suka ce ko ya nuna inda samari suke, ko su tafi da ita. Ya nuna. Washegari ya je rumfar Yaya ya faɗi a ƙasa ya gaya masa komai. Usoro ya mutu sati biyu bayan wannan magana ta dandali.

Na ɗauka gari zai zo ya ba Yaya haƙuri. Dagaci ya aiko da akuya, ko zuwa bai yi ba. Iyayen yaran kuwa fushinsu ƙaruwa ya yi. Suka ce ashe yana sane ya bar su suna gaisawa da mutumin, suna cin abincin bikin Ikwo. Ban iya ce musu ba su da gaskiya ba, don ni ma na ci.

Na same shi a rumfa yana goge katako. Na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, ka yafe masa?"

Ya ci gaba da guga. "Wasu shekarun na yafe. Wasu kuma ina riƙe da ƙafarsa ina jin kamar in karya ta."

"Mmayen fa?"

Ya ajiye abin gugar. "Ita ce ban san amsar da zan bayar a kanta ba."

Ya ƙara shekara bakwai a duniya. Idonsa ya dushe, ya daina hawa keke, amma ya yi ta takawa zuwa bakin rafi har ya farfaɗo da ɗaya daga cikin cocin can. Sauran biyun daji ya cinye. Da damina ya rasu, a hanyarsa ta dawowa daga can; mata masu zuwa gona suka same shi zaune jingine da kututture.

Fastoci sun zo daga Uyo suka yi jawabai masu daɗi. Daga gidajen sauran samarin nan shida kuwa, mutum biyu kawai na gani a bakin kabari. Ikwo ta zo da 'ya'yanta biyar, ta tsaya can baya, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ni ne na fara zuba ƙasa, tunda ba shi da wani namiji sai ni.