Akwati a Farkon Sunan Ɗayyabu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Ɗayyabu. Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ban fahimta ba in ɓata wa wani rai. Idan na yi kuskure a yafe mini.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi. Shi kuwa ya koyi aikin kwamfuta. Da rashin tsaro ya warwatsa mutanenmu na Kurya Madaro da Badarawa, sai ya buɗe shafi a intanet inda ake sanar da haihuwa da rasuwa da inda kowa ya koma.

Abin da ya fi cin lokacinsa shi ne zaɓen samfurin haruffan da shafin zai fito da su. Ya ce wasu samfuran ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai waya ta sa ɗan akwati a gurbinsu. Don haka ya jera uku: wanda ya fi so, da biyu na ko-ta-kwana, in waya ta kasa nuna na farko ta ɗauki na gaba. Na ce masa wahalar ta yi yawa. Ya ce, "Yaya, kai kana hawa hanyar Zurmi ba safayar taya?"

Ranar kasuwar Shinkafi yakan biyo ni, ya bi rumfuna yana aron tsofaffin wayoyi yana buɗe shafin. Wani dattijo mai sayar da igiya ya taɓa ce masa, "Kai yaro, wagga waya ko kira da ƙyar taka yi!" Ya yi dariya ya ce, "Baba, irinta nika nema."

Bayan zazzaɓi ya ɗauke shi, wasu samari suka ci gaba da kula da shafin, Allah ya saka musu. Bara suka sabunta shi. A manyan wayoyi ya yi kyau ƙwarai, na gani da idona, amma a ƙanana sai akwatunan nan suka bayyana. Ban ce sun yi laifi ba. Na same su, suka ce tsarinsa na da ya goge, ba su san samfuran da ya jera ba. Nakan tambayi kaina ko da yana raye zai yi fushi. Ina jin ba zai yi ba, kasuwa kawai zai koma aron waya.

Innarmu ba ta karatun boko, amma ta san surar sunan ɗanta, don shi ya nuna mata a ƙasan shafin. Kwanan baya na buɗe mata a tsohuwar wayata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga ba sunanai ba ne. Mi aka aza mai a gaba?" Akwati ne zaune a wurin harafin farko. Na ce mata za a gyara. Tun ranar nake fargabar kada alkawarin ya zama ƙarya, ga shi idonta sai raguwa yake yi.

Ɗayyabu bai bar gida ko gona ba. Abin da ya bari shi ne mai ƙaramar waya ma ya ga sunan mamacinsa cikakke.

Na san akwai wani abokin aikinsa, mutumin Gurbin Bore, da suka yi zaɓen tare. Sunansa ya kwance mini. Don Allah wanda ya san shi, ko ya san samfuran nan uku, ya bar saƙo a tashar motar Shinkafi da ke Kaura, a ce a ba yayan Ɗayyabu. Ina so Inna ta ga sunan tun tana gani.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.