Mai Famfo da Bututun Matsarmama

Shekara talatin Mai Famfo yana bin bangon mutane da sifana a hannu, ƙa'idarsa kuma ɗaya ce: in ruwa ya wuce, aiki ya ƙare. Bai taɓa komawa gidan da ya gyara ba, kuma ya ishi kowa da wannan alfahari.

Da idonsa ya yi rawaya, ƙaiƙayi ya hana shi sakat, kowa ya ce ciwon shawara ne. A asibiti likita ta zana masa hanta a bayan takarda, ta ja wani siririn layi, ta ce ciwon daji ne ya toshe bututun da ke sauke ruwan matsarmama. Nan kaɗai ya gane, har ya ji daɗi, don an zo fagensa. Batun tiyata, da ƙarin ruwan kashe daji, da wani sabon magani da sai an gwada tsokar ciwon a ga ko zai karɓe shi, duk sun bi ta bayan kunnensa. Me ya haɗa toshewa da wannan dogon Turanci?

Aka zura masa ɗan bututu ta baki har wurin da ya toshe. Cikin sati biyu ido ya washe, abinci ya shiga. Likita ta ce ya dawo a tsara tiyata tun ana iya yanke wurin. Ya ce to, irin wadda yake ce wa masu gida in sun fara koya masa aikinsa. Babbar 'yarsa ta yi magiya, ta yi fushi, ya ce shi bai taɓa fasa bangon da ba ya yoyo ba. Taurin kai kam, ya haɗa nasa da na maƙwabta.

Bayan wata huɗu rawayar ta dawo. Ya sa 'yar a gaba suka tafi, yana mita wai jabun kaya aka sa masa. Likita ta daɗe tana kallon sabon hoton.

"Baba, bututun nan ba gyara ba ne. Hanya muka buɗe don ka samu ƙarfin tiyata."

"To a yi yanzu. Ga ni."

Ta ce ciwon ya nannaɗe jijiyar jini, wuƙa ba ta shiga kuma. Saura ƙarin ruwa, sai gwajin nan, ko Allah zai sa sabon maganin ya dace da shi.

Ya kalli hoton, bai ga komai ba sai duhu da fari. Karon farko tsoro ya kama shi.

"Da na zo a lokacin fa?"

Likita ta dubi 'yar, 'yar ta dubi ƙasa.