Gwangwanayen Tikitin Esta

Shekara da shekaru muna zaune kafaɗa da kafaɗa da Esta Gaiya a kasuwar doya, ni ina suyar ƙosai, ita tana kasa doyar da ta ɗauko daga gonarsu a bayan Chanchaga. Ba ta ɗora kaya a ka kamar mu, a kafaɗa take ɗauka irin na matan Gwari. In na tsokane ta sai ta ce, "Barira, kai na tunani ne, ba na dako ba." Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

A 1976, da Minna ta zama babban birnin jiha, aka fara turo mana Mika'ilu mai yankan tikitin harajin kasuwa. Ranar farko Esta ta damƙe kuɗinta, ta ce sai an gaya mata na mene ne. Don ya rabu da ita ya ce, "Mama, da irin wannan kuɗin ake sayo maganin da ake ba ku a asibiti." Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, amma Esta ta riƙe maganar da hannu biyu. Ni da an miƙo mini tikiti nake cusa shi a murhu. Ita kuwa sai ta lallaɓa nata ta adana a gwangwanin madara, wai shaida ce. Na sha yi mata dariya, kuma har yau ina jin kunyar dariyar nan.

Da daminar 1987 fartanya ta sari mijinta Yona a ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da noma, taurin kan maza, har ƙafar ta kumbura ta fara wari. Ni na raka su asibitin gwamnati. Likita ya ce allura za a yi masa kullum, a fara yau, in ba haka ba ƙafar za ta tafi, ko ma ta tafi da shi. A tagar karɓar magani wata nas ta mayar mana da takardarmu ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ku saya a kemis. An daina ba da magani kyauta."

"Kyauta?" in ji Esta. "Wa ya taɓa ba ni kyauta?"

Ashe ƙunshin da ta ɗauko a kafaɗa ba abinci ba ne. Gwangwani uku ta fitar, ta zazzage tikitin shekara goma sha ɗaya a kan tagar, wasu sun yi ja don tsufa.

"Kai yarinya, duba da kyau. Ni ya biya. Tun kana firamare ni yana biya. Ba ni allura na."

Duk wanda ke kan layi ya juyo yana kallo. Nas ɗin ba ta yi musu ba. Tashi ta yi ta buɗe kabad ta nuna mana, babu komai ciki sai kwalaye wofi. Ni kam hawaye na yi. Esta ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta tattara tikitinta ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗin allurar ya fi ƙarfinta. Washegari matan kasuwa kowace ta ware doya mafi girma a kashinta, ni na sa cinikin ƙosaina, aka haɗa. Kafin ya isa kwana huɗu sun wuce. An ceci ran Yona, ƙafar kuwa aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Daga nan muka mayar da ware doya ɗaya al'ada, muna ce mata doyar asibiti, kuma ta fitar da mata da yawa kunya.

Tikiti kuwa muka ce ba ma saye. Mika'ilu ya yi lallashi, ya yi barazana, ya ce aikinsa zai tafi. Esta ta ce, "Kai ya ce na magani ne. Kawo magani, ka yanka tikiti." Mako uku yana komawa da littafinsa cif.

A mako na huɗu wani jami'in gwamnati ya zo sanye da babbar riga, da kwali biyu na magani, aka kafa masa tebur a tsakiyar kasuwa. Ya ɗauko takarda yana karantawa, wai hukuma cikin tausayinta ta kawo wa talakawa wannan kyauta, don haka a tafa.

Wasu sun fara ɗaga hannu sai Esta ta miƙe. Yona na gefenta, ya dogara da sanda, an naɗe masa ƙafar wando ɗaya an soke da fil.

"Malam, gyara magana," ta ce. "Wannan ba kyauta ba ne. Kaya namu ne ka kawo, kuma ka makara." Ta nuna wandon mijinta. "Sauran yana ina?"

Ba wanda ya tafa. Jami'in ya duba takardarsa gaba da baya, amsar ba ta ciki.