Tallan Da Na Yi Wa Jirgin Babana

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karanta wannan mujalla. Na daɗe da wannan labari a cikina, yau dai na ga gara in fitar da shi.

Lokacin da abin ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ɗan mai jirgin fito a Warra, zamanin muna cikin jihar Sakkwato. Baba mutane da kayansu yake ƙetarwa zuwa kasuwannin tsallaken tafki, yayana kuma shi ke kama masa tuƙi. Ni kaɗai na yi boko a gidanmu. Ranar da takarda ta zo cewa jami'a ta ɗauke ni in karanta fanni biyu a haɗe, kasuwanci da hulɗa da jama'a, Inna ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Sai da ta huta sannan ta tambaye ni ma'anar abin. Na ce mata ɗaya zai koya mini sayar da kaya, ɗayan kuma ya koya mini yadda zan sa mutane su so mai kayan. Ta yi dariya ta ce ashe ita ma tana da wannan digiri, tunda tun kafin a haife ni take bandar kifi tana sayarwa.

Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so karatun nan ba. Da safe a koya mana yadda ake gane abin da kasuwa ke nema, da rana a koya mana rubuta sanarwa, da shirya taro, da yi wa kaya taken da zai zauna a bakin mutane. Ko allon shagon mai aski na gani a hanya sai na tsaya na gyara masa kalmomi a raina. Da muka kai shekara ta uku, malaminmu ya ce kowa ya nemi ƙaramar sana'a a garinsu lokacin dogon hutu, ya tsara mata talla, ya dawo da rahoto. Tun kafin ya rufe baki na san abin da zan yi, domin a watan ne Baba ya sa wa babban jirginsa sabon inji. Daga jami'a har Yelwa rubutu nake a mota, littafi a kan gwiwa, ina murmushi ni kaɗai.

Mako biyu na yi ban zauna ba. Ni da yayana muka shafe jirgin da shuɗin fenti, muka kafa masa tutoci. Na je Yelwa aka buga mini takardun talla, na manna su a kasuwa da tashar mota har Birnin Yauri. Na ari lasifika, na gayyaci makaɗa da mai ɗaukar hoto. Alkawari biyu na rubuta da manyan baƙaƙe: ranar farko fito kyauta ne ga duk wanda ya zo, kuma jirginmu ƙarfe goma daidai yake tashi, ko ana ruwa ko ana iska. Ga inda laifina ya fara. Baba ba ya karatun boko, shi ya sa ya ce in karanta masa takardar. Na karanta masa batun fito kyauta, ya amince. Maganar ruwa da iska kuwa na tsallake ta, saboda na san ba zai yarda ba, ni kuma a ganina ita ce gishirin tallan.

Ana gobe bikin fara fiton aka aiko wa Baba cewa wani amininsa ya rasu a Shanga, Baba ya tafi ta'aziyya ya bar wa yayana jirgin. Da gari ya waye, ban taɓa ganin bakin ruwanmu ya cika haka ba. Mata da ƙwaryar nono, manoma da buhunan shinkafa, masu awaki, har da waɗanda ba su da abin yi a tsallake, sun zo ne kawai a ɗauke su hoto. Makaɗa suna kirarin Baba, yara suna maimaita takena, ni kuma ina tsaye da lasifika kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Inna ta ɗaura zanen da take ajiyewa don Sallah, ta shiga ta zauna a gaba, tana gaya wa kowa cewa wannan aikin ɗanta ne.

Ana cikin haka yayana ya jawo ni gefe. Ya nuna mini tsagar da Baba ya yi a jikin jirgin, wadda ba a barin ruwa ya taɓa ta, ga shi har ya shanye ta. Ya nuna mini gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Ya ce a sauke rabin mutane, a kuma jira hadarin ya wuce. Na ce masa sana'a ba ta da jarin da ya wuce cika alkawari, haka aka koya mana. Ya ce shi dai ba zai tada inji ba. Sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗaga lasifika na ce, “Jama'a, ƙarfe goma ta buga! Matuƙi, bismillah!” Wuri ya ɗauki sowa. Yayana ya dube ni, ya dubi taron, ya ja igiyar inji.

Da farko tafiya ta yi daɗi, mata na waƙa, ina ta rubuta abin da zan sa a rahoto. Mun kai tsakiyar tafki iska ta iso. Igiyar ruwa ta fara dukan jirgin tana zubowa ciki, sannan farfelar injin ta bugi ɗaya daga kututturan itatuwan da tafkin ya binne, injin ya mutu. Waƙa ta koma salati. Yayana ya daka tsawa kada kowa ya miƙe, ya ce a zubar da kaya. Da hannuna na tura buhunan shinkafar mutane cikin ruwa. Na waiga na ga Inna durƙushe, zanen Sallarta ya jiƙe sharkaf, tana kwarfar ruwa da ƙwarya, ba ta ko dube ni ba. Allah ya taimake mu masunta suna kusa. Suka zo da kwalekwalensu suka riƙa kwasar mutane kaɗan-kaɗan zuwa wani tsibiri, har aka kwashe kowa. Ba a rasa rai ba, amma an rasa dukiya, wata tsohuwa kuma ta yi sati tana jinya saboda ruwan da ta sha.

Sarkin ruwa ya hana jirginmu fito har ƙarshen damina. Da Baba ya dawo, na ɗauka duka zan sha. Bai ko ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo takardar tallan, ya ce in sake karanta masa, wannan karon duka. Da na gama ya ce, “To, gobe sai ka sa takalminka. Duk wanda ya shiga jirgin nan za mu tai gidanai, kai za ka yi magana.” Kwana shida muna yawo ƙauye-ƙauye. A kowace ƙofa Baba ya yi sallama ya koma gefe, ni kuma in durƙusa in faɗi cewa ni na rubuta alkawarin, ni na ɓoye wa mahaifina, ni na tilasta wa yayana. Wasu sun yafe nan take, wasu sun zage ni, wani ma ya shige gida ya bar mu tsaye. Yayana kuwa sai da aka yi girbi sannan ya sake cin abinci kwano ɗaya da ni.

Na koma makaranta na rubuta rahoton yadda abin ya faru, ban rage komai ba. Malaminmu ya karanta, ya tuna mini cewa tun shekarar farko ya koya mana kada a yi wa jama'a alkawarin abin da ba ya hannunka. Gaskiya ne, na ma amsa tambayar daidai a jarrabawa.

Na gama digirina, na yi shekaru ina wannan aiki, kuma har gobe ina son shi. Amma ina kira ga ƙannena masu karanta wannan fanni, ku sani kalmar da kuka ƙawata a takarda, mutane ne za su ɗauki 'ya'yansu da dukiyarsu su hau kanta. Kafin ku buga kowane talla, ku karanta wa mai sana'ar shi tun daga farko har ƙarshe. Idan kun ji akwai layin da bakinku ke son tsallakewa, to wannan layin shi ne zai nutsar da ku.