Rabin Maganar Likita Na Faɗa Wa Baba

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ina aure a Mabai da 'ya'ya biyar, kuma a gidanmu ni kaɗai na yi yaƙi da jahilci. Shi ya sa da numfashin mahaifinmu ya fara sarƙewa, ni aka haɗa da shi zuwa babban asibiti. Mutumin da kan wuni a gonar dawa ya koma ko masallacin ƙofar gida sai ya huta a hanya.

Da aka ɗauki hoton zuciyarsa, likita ya kira ni gefe, don Baba ba ya ji sosai. Ya ce ƙofar da jini ke fita daga zuciya ce ta tsuke, kuma jikinsa ba zai ɗauki a buɗe ƙirji ba. Amma akwai wata hanya a wani asibiti mai nisa: a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsin cinya har zuciya, a dasa sabuwar ƙofa. Ya ce in yi wa Baba bayani, shi zai zaɓa.

To ni ce 'yar fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba. Yaya zan kai bakina kunnensa, in ɗaga murya a ɗaki cike da maza, in ambaci wannan wuri na jikinsa? Na durƙusa na ce likita ya ce ba za a iya aiki ba. Sauran kuwa ban faɗa ba. Ya yi hamdala, ya ce to a mai da shi gida kada a yanke dawa ba ya nan. A mota na ce a raina ina isa zan gaya wa ƙanena. Da na ga kowa ya dangana, sai na ji tsoron a tambaye ni dalilin shiruna. Gobe, jibi, har kaka ta wuce, Baba ya rasu.

Na san kwana idan ya ƙare ba magani, wataƙila ma da ya ce a'a. Amma ban bar shi ya ce ba. Yau shekara uku, ko maigidana bai sani ba. Duk taron da aka yi sai 'yan'uwa su yi ta sa mani albarka kan jinyar Baba, ni kuwa in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

'Yan'uwana mata, idan likita ya ba ku saƙo, ku isar da shi duka. In bakinku ya yi nauyi, ku nemo namiji ya faɗa tun kuna asibiti. Mai jikin yana da haƙƙin ji. Ku sa Baba a addu'a, ni ma ku roƙa mani gafara.